Yadda Talla Ya Shiga Tukunyar Miya

Duk lokacin da aka tayar da zancen talla da irin tasirin da yake yi a kan masu saye, hankalin mutane yakan tafi ga manyan allunan kamfanonin waya da ke tsaye a shataletalen birane, ko kuwa ga 'yan wasan Kannywood da ake ɗauka su riƙe kwalbar lemo suna murmushi. Ni a nawa ganin, babu wurin da talla ya yi nasara a ƙasar Hausa kamar cikin tukunyar miya, kuma abin da ya yi nasarar da shi bai fi kan ɗan yatsa girma ba, wato dunƙulen ɗanɗano da ake naɗewa cikin 'yar takarda mai ƙyalli. A yau da wuya a sami gidan da ake ɗora tukunya, daga Kano zuwa Maraɗi, daga Sakkwato zuwa zangon Kumasi, ba a marmasa shi a ciki ba, alhali kakanninmu sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kaɗa miyar kuka da ta kuɓewa da taushe ba su san da shi ba, kuma ba a taɓa jin sun koka cewa miyarsu lami ce ba. Kusan duk dabarun da masu talla suka sani an gwada su a kan wannan ɗan dunƙule, shi ya sa ya cancanci a bi diddigin yadda ya tashi daga baƙon kaya na kanti ya zama abin da uwargida take jin girki ba ya yiwuwa sai da shi.

Asalinsa daga ƙasar Suwizalan yake. Julius Maggi ɗan mai injin niƙa ne wanda ya gaji sana'ar mahaifinsa, kuma a shekarun 1880 ya fara sarrafa garin miya na dangin wake da ake dafawa cikin 'yan mintoci, saboda matan da suka shiga aikin masana'antu ba su da lokacin zama a madafa. Dunƙulen da muka sani ya fito a 1908, sannan kamfanin ya haɗe da Nestlé a 1947. Abin da ya fi jan hankalina a tarihin mutumin shi ne tun a 1886 ya buɗe ofishin talla na kansa a cikin kamfanin, ya ɗauko wani matashin marubuci yana tsara masa baitoci da gajerun labarai na yabon miya, kuma shi da kansa ya zaɓi launin ja da ruwan ɗorawa da har gobe ake gane kayan da su. Wannan yana nuna cewa hajar da tallanta tare suka taso, kuma lokacin da ta iso Afirka ta Yamma ta hannun kamfanonin fatauci na Turawa, ta iso ne da gogewar shekaru masu yawa a kan yadda ake shiga zuciyar mace mai girki. Nestlé ya fara harka a Najeriya a 1961, ya kafa masana'anta a Agbara ta Jihar Ogun a farkon shekarun 1980, ya ƙara wata kusa da Shagamu a 2011, kuma kamfanin da bakinsa yana cewa yana sayar da dunƙule sama da miliyan 100 a kowace rana a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Wannan adadin na kamfani ɗaya ne kawai, ban da Knorr da Royco na Unilever, da Onga na Promasidor, da Jumbo da ya yi ƙarfi a Nijar da sauran ƙasashe rainon Faransa, da sauran sababbin da suke fitowa kusan kowace shekara.

Kafin a zo kan waƙa da hoto, dabarar da ta share wa dunƙule hanya ita ce ƙanƙantarsa. Yawancin gidajenmu ba cefanen wata suke yi ba, cefanen yini ake yi, maigida ya ajiye abin da ya sawwaƙa da safe, a aiki yaro wurin mai kayan miya ya sayo tattasai da attaruhu da albasa da manja na gwargwadon kuɗin. Duk hajar da take son shiga wannan cefanen dole ta yarda a saye ta ƙwaya-ƙwaya, kuma dunƙule ya zo daidai da wannan bukata tun daga masana'anta, kowace ƙwaya da rigarta, ba ta lalacewa don zafi, ba ta neman firji, ba ta neman awo. Har ya kai idan mai tebur ya rasa canji sai ya miƙa wa yaro ƙwaya ɗaya ko biyu a madadin kuɗi, uwar yaron kuma ba za ta mayar ba, domin ta san za ta yi amfani da shi. Kamfanin Promasidor ya bi wannan hanyar da madarar Cowbell lokacin da ya shigo Najeriya a 1993, ya zuba garin madara cikin ƙananan ledoji a daidai lokacin da manyan kamfanoni suke sayar da ita a gwangwani, sai ga shi talakan da bai taɓa tunanin shan shayi da madara kullum ba ya samu hanya. Mai saye yana jin ya sayi araha saboda kuɗin da ya fita daga aljihunsa kaɗan ne, amma da zai tara kuɗin ƙwayoyin da ya saya a wata ya gwada da farashin babban ƙunshi, zai ga cewa shi ne ya fi mai kuɗi biya. Wannan lissafin ba ya cikin talla, kuma wanda ke cefanen yini ba shi da sararin yin sa.

Sai kuma maganar launi. Wanda ya saba shiga kasuwannin arewa ya san yadda ake shafe bangon shaguna da fentin kamfani kyauta, a ba mai kayan miya babbar laima da rigar aiki da ledar shimfiɗa a tebur, duk masu launi ɗaya da tambari ɗaya. Mai shago yana ganin ya samu fenti da inuwa a banza, kamfani kuwa ya samu allon talla da ba ya biyan haya a kansa, a daidai wurin da kuɗi ke fita daga hannun mai saye. Amfanin wannan ya fi fitowa idan aka tuna cewa da yawa daga masu cefane ba sa karanta boko, saboda haka ba suna suke nema ba, alama suke nema, shi ya sa ake jin ana cewa a sayo mai tauraro ko mai hoton kaza. Yaron da aka aika tun yana ɗan shekara biyar ya haddace wannan alama kafin ya haddace baƙaƙen karatu, kuma idan ya girma ba zai tuna ranar da aka fara tallata masa ita ba. Ta haka ne sunan kamfani guda ya zama sunan duk wani dunƙule, har wanda ya sayi na abokan gasa ma cewa yake yi ya sayi magi, kamar dai yadda kowane garin wanki ya zama omo, kowane man goge baki ya zama makilin.

Amma ƙanƙanta da launi kai haja hannu kawai suke yi, ba su ne suke sa mace ta ji cewa girkinta bai cika ba sai da ita. Wannan aikin na waƙa ne da hoto, kuma nan ne na fi ganin gwanintar masu talla. Idan aka lura da tallan dunƙule a talabijin tun zamanin da NTA ce kaɗai ake kallo har zuwa yau, za a ga cewa labari ɗaya ake maimaitawa da sababbin fuskoki. Mace ce a tsabtatacciyar madafa ta marmasa dunƙule a tukunya, tururi ya tashi, ƙamshi ya bi iska ya fisgo maigida daga falo, a zauna cin abinci, ya kai loma ɗaya ya lumshe ido ya jinjina kai, yara su miƙa kwano a ƙara musu, wani lokaci har uwar miji da aka san ta da wuyar sha'ani ta saki fuska. A cikin wannan labarin ba a ce komai a kan abin da ke cikin dunƙulen ba, ba a ambaci gishiri ko kitse ko sitaci ba, abin da aka nuna shi ne ladan da mace take samu, wato yabo. Ɗaya daga cikin sanannun taken Maggi ma cewa yake yi da shi kowace mace tauraruwa ce. Yabon miji da na dangi ake sayarwa, dunƙule kuwa shi ne kuɗin shiga.

Wannan saƙo ya faɗi a kan gaɓa a ƙasar Hausa fiye da yadda masu tsara shi a Legas suka yi zato. A al'adarmu girki ma'aunin mace ne tun tana budurwa, amarya tana shiga ɗaki ana zuba ido a ga hannunta, kuma a gidan da ake da mace fiye da ɗaya ranar girki ranar gwaji ce, ko da babu wanda ya furta hakan. Matar da ta ga an suɗe kwanon abokiyar zamanta an bar nata da saura ba ta bukatar kowa ya yi mata bayani. Talla bai ƙirƙiro wannan fargaba ba, ya tarar da ita ne, ya kuma miƙa mata magani mai sauƙin kuɗi da za a iya saya a ƙofar gida. Idan ƙwaya biyu ba su kawo jinjinar kai ba sai a sa uku, idan maƙwabciya tana haɗa kala biyu ke sai ki haɗa uku, har aka wayi gari wasu matan suna da jerin robobi na dunƙule da garin ɗanɗano iri-iri, na kaza daban, na nama daban, na dafa-duka daban. Ban ga laifin mace a nan ba, domin wanda yake zaune yana jiran a kawo masa kwano shi ne alƙalin gasar, kuma shi ma harshensa ya riga ya saba. Mu maza ne muke cewa miya ba ta ji magi ba, sannan mu koma majalisa muna zancen yadda matan zamani suka manta girkin iyayensu.

Daga nan sai kamfanonin suka zama malaman girki. Sun ɗauki nauyin shirye-shiryen dafa abinci a rediyo da talabijin, sun shirya gasar girki ga 'yan makaranta da ƙungiyoyin mata, kuma tun bayan da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 aka samu fili na Hausa zalla da yake shiga har ƙuryar ɗaki. Watan azumi shi ne kakar wannan talla, saboda lokaci ne da kowace uwargida take neman sabon abin da za ta ajiye a gaban mai buɗa baki, kuma iyali suna zaune wuri ɗaya a gaban talabijin. Mai gabatarwa ta yi shiga ta mutunci, ta yi sallama, ta yi wa masu kallo barka da shan ruwa, ta koya musu farfesu ko sinasir ko wani sabon salon dafa kaza, kuma a kowane girki akwai daidai wurin da kyamara za ta matso kan yatsunta tana ɓare takardar dunƙule. Mai kallo ba ta jin ana yi mata talla, ji take yi ana ƙarar da ita ilimi, kuma gaskiya ne ana ƙarar da ita, sai dai duk girkin da ta koya a nan ta koye shi ne da dunƙule a matsayin rukuni, ta yadda idan ta koya wa 'yarta ma haka za ta koya mata.

Na taɓa tsayawa kallon irin wannan talla a bakin wata kasuwa, inda aka girke mota mai buɗaɗɗen baya da manyan lasifikoki, 'yan mata sanye da riguna masu launin kamfani suna rarraba dafa-duka mai zafi a ƙananan robobi. Mai riƙe da makirufo ya iya bakinsa ƙwarai, yana kiran wannan Hajiya, yana kiran waccan uwar gida ran gida, yana tsokanar dattijai cewa su ɗanɗana kada su koma gida su ce ba a ba su ba. Duk wadda ta sayi leda guda sai a ba ta cokali ko ƙaramar roba, wadda ta sayi fiye da haka a ba ta bokiti. Abin da na lura da shi shi ne yadda matan da suka karɓi ɗanɗanon suke kasa wucewa haka nan, sai ka ga mace ta ɗan yi jim, ta kwance bakin zane ko ta buɗe jaka ta sayi ko da kaɗan ne, saboda kunyar a ce ta ci na mutane ta tafi. Wannan ba baƙuwar dabara ba ce a wurinmu, mai ƙosai da mai fura da mai goro sun daɗe da sanin amfanin ɗanɗano da gyara, kuma sun san cewa wanda ya karɓi kyauta ya ɗauki ɗan bashi a ransa. Abin da kamfani ya ƙara shi ne yawa da tsari, da kuma bokitin da zai shekara a tsakar gida yana tallata sunansa ga duk wadda ta shigo barka ko gaisuwa. Da tafiya ta yi nisa ma al'ada da kanta ta karɓi aikin tallan, domin yanzu katan ɗin dunƙule yana cikin kayan gara, yana cikin kayan azumin da ake kai wa surukai, yana kuma cikin ƙunshin da 'yan siyasa suke rabawa tare da taliya idan zaɓe ya gabato.

Wadda ta biya kuɗin wannan nasara ita ce daddawa. Duk wanda ya ga yadda ake yin ta ya san aiki ne ja: a ɓare ɗorawa a fitar da kalwa, a dafa ta na tsawon sa'o'i har ta yi laushi, a surfa a wanke a cire ɓawo, a sake dafawa, a rufe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa yadda ake so, sannan a kirɓa a mulmula a shanya. Sana'a ce ta mata, musamman na karkara, kuma ba ta da mai yi mata waƙa a rediyo. Abin mamaki shi ne sinadarin da yake ba dunƙule daɗinsa shi ne dai wanda yake ba daddawa nata. A 1908, shekarar da dunƙulen Maggi ya fito, wani masanin kimiyya a Japan mai suna Kikunae Ikeda ya gano cewa sinadarin gulutamet ne yake kawo wannan ɗanɗano mai kama da na romon nama, kuma daga bincikensa aka fara yin Ajinomoto, wanda muke kira farin magi. Lokacin da kalwa take kwance a rufe tana ruɓa, wannan sinadarin ne yake fitowa daga cikinta. Ke nan abin da aka kawo mana a takarda mai ƙyalli ba sabon ɗanɗano ba ne, wanda muka sani ne aka cire masa wari, aka ƙara masa gishiri, aka daidaita shi ya zama iri ɗaya kullum. Daddawa kuwa tana da furotin da ake samu daga kalwa, abin da yake da muhimmanci a gidan da nama ba ya shiga miya sai jefi-jefi.

Ban taɓa jin wani talla ya zagi daddawa ba, kuma ba ya bukatar ya zage ta. Ya isa a ce shekara da shekaru duk madafar da aka nuna a talabijin mai tayil ce da murhun gas, matar da ke cikinta 'yar birni ce mai ilimi, abin da ke hannunta kuma dunƙule ne. Abin da ba a nuna ba a irin wannan hoto sai a hankali ya zama na ƙauye da na tsofaffi, har aka samu 'yan matan da suke toshe hanci idan an ɓare daddawa, suna cewa tana sa wari a kaya. Daga baya kamfanonin da kansu suka gane cewa harshen mutanen nan bai rabu da tsohon ɗanɗano ba. Cadbury ya taɓa fitar da dunƙule mai suna Dadawa, Nestlé yana sa waken suya da aka ruɓar a cikin dunƙulensa na Najeriya, ya kuma fito da wani garin ɗanɗano da ya sa wa suna Miya domin kasuwar arewa, Ajinomoto ma ya fito da garin daddawa a leda. Wato bayan an kawar da idon mai saye daga faifan mai daddawa, sai aka dawo ana sayar masa da ƙamshinta a cikin kwali, wannan karon da sunan komawa ga abincin gargajiya.

Ba kullum talla yake tafiya sumul ba, kuma labarin farin magi ya nuna haka. Ya samu karɓuwa sosai a arewa, musamman wurin masu abincin sayarwa da masu haɗa yajin garau-garau da na ɗanwake, amma tun da daɗewa jita-jita take bin sa, wasu su ce yana cire tabo a farin kaya saboda haka me zai yi wa hanji, wasu su jingina masa cututtuka iri-iri. Hukumomin kula da abinci na duniya sun ɗauke shi a matsayin abin da ba ya cutarwa a gwargwadon da ake sa wa a girki, amma wannan bai kashe maganar ba, har kamfanin da ke sarrafa shi a Najeriya ya riƙa gayyato masana abinci da 'yan jarida su yi wa jama'a bayanin cewa daga rake da makamantansa ake yin sa. A nan an ga cewa maganar maƙwabciya ta kan katanga tana iya rinjayar tallan miliyoyin naira, domin mai saye ya san maƙwabciyarsa ba ta da riba a cikin abin da ta faɗa, ko da kuwa abin da ta faɗa ba daidai ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne jita-jitar ta tafi wurin da babu matsala sosai, ta bar wurin da matsalar take. Kamfanoni sun koma tallata dunƙule da sunan lafiya, ana rubuta a jikin leda cewa an ƙara masa sinadarin aidin, daga 2012 kuma Nestlé ya fara ƙara wa nasa sinadarin ƙarfe mai taimaka wa jini. Wannan gaskiya ne, kuma a ƙasar da ƙarancin jini ya yi yawa tsakanin mata da ƙananan yara ba abin rainawa ba ne. Sai dai dunƙule mai nauyin giram 4 kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Idan an sa ƙwaya biyar a tukunya, an ƙara gishiri da hannu, an barbaɗa yajin da shi ma an daka shi da dunƙule, sannan da safe mai shayi ya marmasa wata ƙwayar a cikin ƙwai da Indomie wadda ta zo da nata garin ɗanɗanon, lissafin yakan wuce iyaka ba tare da kowa ya lura ba. Duk wanda yake da mai hawan jini a gida ya san cewa abin da likita yake fara cewa shi ne a rage gishiri da magi, kuma ya san irin rigimar da ake yi da majiyyacin da harshensa ya saba, wanda yake ture kwano yana cewa an ba shi abincin asibiti. Talla bai yi ƙarya ba da ya ce akwai sinadarin ƙarin jini, ya dai ɗaga murya a kan abin da zai sa a saya, ya rage ta a kan abin da zai sa a yi tunani, kuma wannan ita ce dabarar da doka ta fi wahalar kamawa.

Dokokin suna nan. Hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ita ce take tantance abinci da abin da aka rubuta a jikinsa, sannan a 2022 aka yi sabuwar doka da ta maye tsohuwar hukumar APCON da ARCON, wadda aka ba ikon duba talla kafin ya fita, har da wanda ake yi a intanet. Amma tallan ya riga ya sauya gida. Yanzu yana hannun matan da suke koyar da girki a TikTok da Instagram da Facebook, waɗanda mabiyansu suke ɗaukar su kamar yayye ko ƙawaye, suna tambayar su Anti wane kala kika sa. Wata an biya ta, wata an aiko mata da katan kyauta, wata kuwa ra'ayinta ne kawai, kuma mai kallo ba ta da hanyar bambancewa idan ba a faɗa mata ba. Wannan salon ya haɗa ƙarfin talla da amincin maƙwabciya a wuri ɗaya, kuma babu hukumar da take da ma'aikatan da za su bi kowane bidiyo na minti ɗaya.

Abin da ya fi kowace hukuma taka wa talla birki a 'yan shekarun nan shi ne tsada. Bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, hauhawar farashin abinci ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, sai ga matan da suka shekara ashirin ba su sauya dunƙule ba suna tambayar mai tebur wanne ne ya fi araha. Ƙananan kamfanoni sun samu shiga da ƙwaya mai ɗan girma ko farashi mai sauƙi, kuma amanar da aka gina da waƙa da gasa da bokiti ta nuna cewa tana da iyaka. Duk da haka abin lura shi ne mutane sun sauya suna ne, ba su bar dunƙule ba. Gasar tana tsakanin wannan kamfani da wancan, amma maganar ko miya tana bukatar dunƙule ko ba ta bukata an daɗe da rufe ta, kuma wannan ita ce ribar da tallan shekara hamsin ya bari, wadda har sabon kamfanin da bai kashe ko kwabo a kanta ba yake ci.

A ɗaya gefen kuma an fara ganin wasu mata 'yan kasuwa a Kano da Kaduna da Abuja suna niƙa daddawa su haɗa ta da citta da kanumfari da masoro da busasshen kifi, su zuba a roba mai murfi, su liƙa takarda mai suna da lambar waya, su ɗauki hoto mai kyau su sa a WhatsApp da Instagram, suna tallata ta da cewa babu sinadarin bature a ciki. Sun ari launi da ƙunshi da shaidar wadda ta gwada ta ji daɗi, wasu ma sun ari har da wuce gona da iri, suna cewa hajarsu tana maganin hawan jini da ciwon suga, abin da ba su da hujja a kansa. Masu sayen nasu yawanci matan birni ne masu hali, irin waɗanda aka fara raba su da daddawa tun farko, kuma suna biyan kuɗin da ya ninka abin da tsohuwa mai faifai take karɓa a kasuwar ƙauye, wadda sau da yawa daga wurinta aka saro daddawar.